Waya Biyu Ko Amfilifaya Biyu? Saurari Wannan Kafin Ka Ƙona Kayan Aro

  Manoma ina yi muku barka da kaka. Waɗanda suka gama ɗaure gero, da masu roron wake, da masu kakkaɓar riɗi, Allah Ya sa albarka a abin da aka samu.

Yau maganar sifika za mu yi, kuma abin da ya jawo maganar a gidanmu ya faru, ba a waya na gani ba. Kun san ni dai gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata a nan yankin Dambatta. To akwai wani ɗan yayata da ya sayar da riɗinsa, yana shirin aure, yana ta haɗa ɗaki. Ya shiga Kano, ya je Sabon Gari, ya sayo sifiku guda biyu na hannu, irin dogayen nan na katako da ake shigowa da su daga Turai. Kaya masu kyau, ba ƙarya. Da ya juya bayansu sai ya ga kowace ɗaya tana da wurin ɗaura waya guda huɗu, ja biyu baƙi biyu, maimakon biyun da ya saba gani. Wanda ya sayar masa ya ce ai irin waɗannan sai da waya biyu suke fitar da ainihin sautinsu, ya haɗa shi da wata waya mai kauri mai ƙyalli, kuɗinta ya kusa na buhun gero.

Ya dawo gida ya ɗaura, ya saurara, bai ji wani canji ba. Maimakon ya zo ya tambaye ni, sai ya shiga YouTube. Can ya ga ana cewa ai waya biyu somin-taɓi ce, babban aiki shi ne a sa amfilifaya biyu. Sai ya je wurin abokinsa mai gidan kallon ƙwallo ya aro tasa amfilifayar, ranar Juma'a da yamma, da alkawarin zai mayar kafin wasan Asabar. Ya haɗa, ya kunna, ya murɗa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ɗaki ya cika da warin ƙuna.

Bayan sallar isha'i sai ga shi a ƙofar gidana da amfilifaya biyu ɗaure a bayan babur. Ya ce, "Kawu, don Allah ka rufa mini asiri, ɗaya ba tawa ba ce." Na haska fitila na ce, "Kai yaro, ƙarafunan da suke bayan sifikar, ka cire su kuwa?" Ya ce, "Waɗanne ƙarafuna, Kawu?" Na ce to shi ke nan, garin neman gira an rasa ido.

Waɗannan ƙarafuna su ne kan maganarmu ta yau. Amma kafin mu kai gare su, bari mu buɗe akwatin sifika mu ga abin da yake ciki, don in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba.

Kunnen ɗan Adam mai lafiya, musamman matashi, yana jin sauti daga wanda yake kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa wanda yake kaɗawa sau 20,000. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ake kira haz. Na ƙasa shi ne duma, irin rugugin babbar ganga ko na hadari in ya taso daga gabas. Na sama shi ne siririn sauti, irin ƙarar gyare da dare ko kacau-kacau. Faranti ɗaya ba ya iya fitar da duka biyun yadda ya kamata. Duma tana son babban faranti da zai tura iska da yawa, shi ne muke kira ufa. Siririn sauti yana son ɗan ƙaramin abu mara nauyi da zai yi rawa da sauri, shi ne tuwita. Wannan dabara ta raba aiki ta daɗe. Tun a shekarun 1930 gidajen silima a Amurka suke amfani da ita.

To wa yake raba musu aikin? A cikin akwatin akwai wani ɗan allo da muke kira kurosoba. Ku ɗauke shi kamar rariyar da mata suke tankaɗe da ita: gari ya wuce ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. A kan allon akwai naɗaɗɗiyar waya, wato koyil, ita tana barin duma ta wuce zuwa ufa, ta tare siririn sauti. Akwai kuma kafasita, ita tana barin siririn sauti ya wuce zuwa tuwita, ta tare duma. Yawancin sifikun gida masu faranti biyu suna yin wannan rabo ne a wajajen haz 2,000 zuwa 3,000.

Yauwa. A sifika mai wurin waya biyu, waɗannan rariyoyi biyu a haɗe suke tun daga ciki. A mai wurin waya huɗu kuwa, kamfani ya raba su: biyun ƙasa na ufa ne, biyun sama na tuwita. Sai ya sa wasu 'yan ƙarafuna guda biyu a waje, galibi masu ruwan zinare, ɗaya ya haɗa ja da ja, ɗaya ya haɗa baƙi da baƙi. Mu a shago gada muke ce musu. Muddin gadar nan tana nan, sifikarka daidai take da mai wurin waya biyu. Ka ɗaura waya ɗaya a sama ko a ƙasa, za ta yi aiki lafiya lau.

Yanzu sai mu zo kan abu na farko, wanda Turawa suke kira bai-wayarin, wato waya biyu. Yadda ake yi shi ne ka cire gada, ka jawo waya biyu daga wuri guda a bayan amfilifaya, ɗaya ta tafi ufa, ɗaya ta tafi tuwita. Masu sayarwa suna cewa ta haka duma ba za ta dagula siririn sauti a cikin waya ba.

Bari in tambayi masu noman rani, ku da kuke bakin Watari ko dam ɗin Thomas. In kana da injin ban ruwa guda ɗaya, ka sa masa tiyo biyu, ɗaya ya tafi fangalin albasa ɗaya ya tafi na tumatir, ƙarfin injin ya ƙaru? Ai bai ƙaru ba. Injin dai shi ne, man da yake sha shi ne. Abin da ka yi kawai shi ne ka matsar da mararrabar ruwan daga bakin gona zuwa bakin inji. To haka waya biyu take. Da wurin haɗuwar yana bayan sifika, yanzu ya koma bayan amfilifaya. Ko wat ɗaya bai ƙaru ba.

Ban ce babu bambanci ko kaɗan ba. In aka sa na'urar awo mai kyau za a iya ganin ɗan canji, amma ƙanƙane ne ƙwarai, musamman in wayar gajera ce mai kauri. Ga lissafin. Wayar jan ƙarfe, wadda muke kira kofa, mai kaurin milimita 1.5, kowace mita ɗaya tana tare wuta da kimanin om 0.012. Om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wuta. In tsakanin amfilifaya da sifika mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, duka-duka om 0.07. Sifikarka kuma om 8 ce. Kun ga ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Wayar da tun asali ba ta cinye komai, me ƙara mata 'yar'uwa zai gyara?

Ga wani abin da zai ba ku dariya. Ɗan yayan nawa da ya ɗaura waya biyu bai cire gada ba, kun tuna. To a lissafin wuta, abin da ya yi bisa kuskure ya fi rage asara a kan abin da aka ce ya yi. Don in gada tana nan, wayoyin biyu sun zama kamar waya ɗaya mai ninkin kauri, tarewarsu ta ragu da rabi. In ka cire gada kuwa, ufa, wadda ita ce mai shan mafi yawan wuta, ta koma kan waya ɗaya tilo. Shi ya sa a wannan mataki bai ga wata matsala ba, har ya ɗauka haka ake yi.

Wani zai ce, "Malam, ni fa na gwada kuma na ji bambanci da kunnena." Ban ƙaryata ka ba. Amma sau da yawa ga abin da yake faruwa. Sifikar ta yi shekaru a ajiye, gada ta yi tsatsa, ƙurar hunturu ta shiga, noti ya saki. Da ka cire, ka fere sabuwar waya, ka ɗaure tam, sai sauti ya gyaru. Gyaran daga tsafta da ɗauri ya zo. Sannan akwai halin zuciya: wanda ya kashe kuɗi yana son ya ji daɗin abin da ya saya. Maganin gardama mai sauƙi ne. Ka zauna ka juya baya, wani ya riƙa sauya haɗin ba tare da ya gaya maka ba, ba tare da ya taɓa maɓallin ƙara ba, har sau 10, kai kuma kana faɗin wanne ne wanne. Mun yi wannan da yaron bayan an gama gyara. Rabi ya dace, rabi ya faɗi, daidai da wanda yake canke. Shi da kansa ya fashe da dariya.

To sai abu na biyu, bai-amfin, wato amfilifaya biyu ga sifika ɗaya: ɗaya ta ɗauki ufa, ɗaya ta ɗauki tuwita. A nan ne gada take zama bala'i. In ka bar ta, ka haɗa bakin amfilifaya ɗaya da bakin ɗaya kai tsaye da ƙarfe. Kowace tana ƙoƙarin tura wutarta, ita kuma ɗayar ba sifika ba ce da za ta karɓa a hankali, kusan babu abin da yake tare wutar a tsakaninsu. Kamar ka ɗaura shanun huɗa biyu da igiya ɗaya, wannan ya fuskanci gabas wancan yamma, ka ɗaga bulala. Amfilifaya mai na'urar kariya wataƙila ta kashe kanta ta tsira. Wadda ba ta da ita, taransistocin fita ne za su tafi, wani lokaci su ja sifikar ma su tafi da ita. Abin da ya faru a ɗakin ango ke nan. Don haka in za ku manta da duk abin da na faɗa yau, kar ku manta da wannan: ba a haɗa amfilifaya biyu a sifika ɗaya sai an cire gada, duka biyun, a kowace sifika.

To a ce ka cire gada, ka haɗa daidai. Me ka samu? A nan sai mun bambanta hanya biyu, domin suna ɗaya ake kiransu da shi amma amfaninsu ba ɗaya ba ne.

Hanya ta farko, ka bar kurosoba ta cikin akwati tana aikinta, kowace amfilifaya kuma ka ba ta cikakken sauti daga waya ko talabijin. Wannan ita ce wadda yawancin mutane suke yi, har ma wasu manyan risibobi na Yamaha, Denon da Onkyo suna da wurin da za ka zaɓi hakan a cikin saitinsu. Mutum yana lissafin cewa wat 50 da wat 50 sun zama wat 100. Ba haka ba ne. A yawancin kiɗa da magana, mafi yawan ƙarfin yana ɓangaren ufa, tuwita ɗan kaɗan take sha. Ke nan ufarka tana nan da wat 50 ɗinta, ita kuma amfilifaya ta biyu kusan zaman kashe wando take yi. Sannan tunda cikakken sauti ne yake shiga kowace, duk biyun za su kai iyakarsu su fara shaƙewa a kusan wurin da guda ɗaya take shaƙewa. Ɗan sauƙin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

Kuma ko da a ce wat ɗin ya ninka da gaske, ninkin wat desibel 3 kawai yake ƙarawa. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat ya ninka sau 10. Ku riƙe wannan lissafi in kun shiga kasuwa ana yi muku kirarin wat.

Ga kuma wahalhalun da suke biyo baya. In amfilifayoyin ba iri ɗaya ba ne, ɗaya za ta fi ɗaya ɗaga sauti, sai ka ji tuwita tana tsaga kunne ko duma ta danne magana. In ka juya ja da baƙi a ɗaya, sautin tsakiya, inda muryar mutum take, zai rame. Sai babbar magana a wurinmu, wato wuta. Mu da yawancin gidajenmu sola da batir ne, batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, kuma in irin mai ruwa ne ba a so ka sha fiye da rabinsa in kana son ya daɗe. Saura 600. A ce tsohuwar amfilifayarka tana cin wat 40 ko da a hankali kake saurare, awa 15 ke nan. Ka ƙara ta biyu, ya koma awa 7 da rabi, ba a sa fanka da fitila da cajin waya ba, ba a sa abin da inbata take ci ba. Amarya tana son fanka a watan Afrilu, kai ka ƙarar da batir a kan tuwita.

Hanya ta biyu ita ce ta gaske. A nan ana tankaɗe sautin tun yana ƙarami, kafin ya shiga amfilifaya. Akwai kurosoba mai amfani da wuta da ake sawa a gaba, ta raba duma gefe, siririn sauti gefe, kowanne ya shiga amfilifayarsa, daga nan ya wuce farantinsa kai tsaye. Amfanin wannan a fili yake. Kowace amfilifaya aikinta kawai take yi. In duma ta yi yawa har amfilifayar ufa ta shaƙe, ƙazantar ba ta isa tuwita. Ba a asarar wuta a cikin koyil. Kuma kana iya ba ufa babbar amfilifaya, ka ba tuwita ƙarama.

Kuma wannan hanya kun daɗe kuna ganinta ba ku san sunanta ba. Masu kiɗan biki da suke jibge manyan akwatunan duma a ƙasa, su ɗora na murya a sama, waɗanda suka san aikinsu haka suke yi, kowane rukuni da amfilifayarsa. Sifikun da ake tace waƙa da su a situdiyo, irin Yamaha HS5, a cikin kowane akwati akwai amfilifaya biyu, wat 45 na ufa, wat 25 na tuwita, an raba sautin a haz 2,000 tun kafin ya shiga. Har ma 'yar hom-tiyatar nan da ake sa wa amare a ɗaki, mai akwatin duma ɗaya da 'yan ƙananan sifiku biyu, a cikinta akwatin duma yana da tasa amfilifayar, an tace masa duma tun kafin ta shiga, ƙananan kuma suna da tasu. Ke nan abin da yaron nan ya ƙona kayan mutane yana nema, ƙanwarsa tana da ɗan'uwansa a kan kabet ɗinta.

Amma ina gargaɗi. Kar wani ya ji wannan ya ɗauki sukundireba ya buɗe sifikarsa ya cire kurosoba. Wannan allon ba rabo kaɗai yake yi ba, yana daidaita ƙarfin tuwita da na ufa, yana kuma kare tuwita. In ka cire shi, ɗan bugun nan da amfilifaya take yi lokacin kunnawa ya isa ya kashe tuwita nan take. Wannan aiki ne na wanda yake da kayan awo. In kana son amfanin hanya ta biyu a gida cikin sauƙi, ka nemi akwatin duma mai amfilifaya a cikinsa. In risibarka tana da saitin rabo, ka sa shi a wajajen haz 80 in sifikunka manya ne, in ƙanana ne ka ɗaga zuwa 120 ko sama. Shi ke nan, ka sauke wa amfilifayarka nauyin duma.

Wani ya taɓa tambayata, ya ce a masallacinsu akwai amfilifaya biyu, ɗaya ta lasifikar kan hasumiya, ɗaya ta akwatunan ciki, shin wannan ne? A'a, wannan rabon wuri ne, kowace tana ɗauke da cikakkiyar muryar liman. Tsari ne mai kyau, amma maganarsa daban ce. Ita da maganar layin bolt 100 da ake gani a bayan amfilifayar Ahuja, za mu ware musu shiri guda in sha Allahu.

To yanzu mutum zai ce, in waya biyu ba ta ƙara komai, amfilifaya biyu kuma sai da sharaɗi, ina zan sa kuɗina? Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo shago.

Na farko, waya ɗaya ta kofa ta gaske. Inda waya take cutar da mu ba a cikin ɗaki ba ne, sai in an ja ta da nisa. Ka ɗauki siririyar wayar nan mai ja da baƙi, mai kaurin milimita 0.5, ka ja ta mita 15 zuwa ƙofar gida ranar suna. Zuwa da dawowa mita 30, tarewarta ta kai om 1. In sifikar om 4 ce, kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin a waya yake ƙarewa. In kuma wayar irin ta alminiyam ce da aka shafa wa ruwan kofa, tarewar tana ƙaruwa da fiye da rabi. Yadda za ka gane ta, ka kankare silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki to ba kofa ba ce. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce tarewar waya kar ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. A ɗaki milimita 1.5 ta wadatar. In da nisa, ka sa 2.5. Wayar wutar gida ta kofa ma tana yi, ba sai mai ƙyalli ba.

Na biyu, ka kula da om. Sifika biyu masu om 8 in ka haɗa su a baki ɗaya, ja da ja baƙi da baƙi, sun zama om 4. Guda huɗu sun zama om 2. Ka duba abin da aka rubuta a bayan amfilifaya. Yawancin amfilifayar da ake kawo mini a ƙone, wannan ne ya kashe su.

Na uku, kar lambar da aka buga a kwali ta ruɗe ka. Ƙananan allunan amfilifaya da muke haɗawa da batir mai bolt 12 kai tsaye, in babu abin da yake ɗaga wutar a ciki, iyakar tsaftataccen ƙarfin da za su ba sifika mai om 4 bai wuce wat 18 a kowane gefe ba, ko da an rubuta dubu a jiki. Kuma wat 18 ɗin ya ishi ɗaki. Sannan in kayan hannu ka saya, ka duba bolt kafin ka soka. Namu 230 ne, na Amurka 120.

Na huɗu, wanda ba ya cin ko sisi, wurin ajiye sifika. Ka sa tuwita daidai tsayin kunnenka in kana zaune. In a kan tabarma ko kafet kake zama, kar ka rataye sifika can kusa da silin. Nisan da yake tsakanin sifikun biyu ya zama kusan daidai da nisan kowace zuwa wurin zamanka. In ka matsa da ita lungu duma za ta ƙaru, in ta yi yawa har magana ba ta fita, ka janye ta daga bango kamar taki ɗaya. Ɗakin bulo mai tayil da rufin kwano yana amsa-kuwwa, labule mai kauri da kafet da katifa suna shanye ta. Wallahi matsar da sifika taki biyu yana canja sauti fiye da duk wata waya da za ka saya.

Na biyar, kulawa. Ka ɗora akwatin a kan wani abu saboda gara da damshin damina. Ka leƙa ramin iskar da yake jikinsa, zanzaro yana son yin gini a ciki, ɓera ma yana shiga. Ka rufe da ƙyalle lokacin hunturu. Sau ɗaya a shekara ka kwance gada ka goge ka mayar ka ɗaure.

Sai abu na ƙarshe. Mu nan gidajenmu katanga ɗaya ce ta raba, kuma duma ba ta san katanga ba. Akwai tsoho, akwai mara lafiya, akwai mai jego, akwai mai tashi sallar dare. Haƙƙin maƙwabci yana kanmu. Kunnenka ma yana da haƙƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako shi ne iyakar da babba zai saurara lafiya, in ƙara ta haura haka lokacin yana raguwa da sauri. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma babu shagon da ake gyara shi.

Ku ce yaya aka ƙare da ango? Na kwana a kan ta aron, na ciro taransistoci daga wata matacciyar amfilifaya da take ƙarƙashin teburina, kafin azahar ɗin Asabar ta tashi, aka kalli ƙwallo lafiya. Tasa kuwa sai da aka yi mako biyu ana neman kayanta a Kano. Yanzu sifikun suna ɗaki da gadarsu, waya ɗaya, amfilifaya ɗaya. Ragowar wayar mai tsada kuma, da na je ganin ɗaki, na tarar an ɗaure ta a tsakar gida ana shanya a kai. Na ce to alhamdulillahi, ta samu aikin yi.

Wanda yake da sifika mai wurin waya huɗu kuma bai gane yadda take ba, ya ɗauki hoton bayanta da na bayan amfilifayarsa ya ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin ya haɗa komai, zan duba in amsa gwargwadon iko. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shirin haɗa ɗaki a wannan kaka. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu sa'a, ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.